Ƙarfen da Na Ɓoye a Langa

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi, ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma ba ka taɓa karanta rubutuna ka kai ƙarshe ba, sai ka tsaya gyara min baƙaƙe kana cewa ajin yaƙi da jahilci bai gama yaƙinsa a kaina ba. To yau babu mai gyara, zan rubuta yadda na ga dama. Ka ga ko sunanka ban sa a sama ba. Shekara shida da tafiyarka, har yanzu bakina bai iya ba, hannun ma ya ƙi.

Muna nan lafiya a Springfield, nan ƙasar Turawa. 'Yarka ta fari, wadda nake ce wa Likita kamar yadda kowa ke ce mata, tana ta fama da aikin asibiti, mijinta ma lafiya lau. Gwiwata ta hagu tana gaishe ka. Jikarka Nana ta zama budurwa, tana jami'a tana karatun injiniya. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsa min, ni kuma in na ga dama sai in yi kamar ban gane ba, har sai ta murɗo harshe ta faɗa da Hausar tata mai ɗingishi.

Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki biro ba. Tun ranar Asabar kaina ya kulle. Na ɗauka ni ce nake da sirri a aurenmu, yanzu ban ma san wa ya ɓoye wa wani ba. Bari in faro daga farko, kada in ruɗa ka yadda na ruɗe.

Ka tuna Kafanchan, shekarar da nake da cikin Likita? Ba ka daɗe da barin injin kwal ba aka ba ka na dizal. Ni na fi kowa murna, don wanki ya ragu min. Da can in ka dawo daga aiki ido da haƙora kaɗai nake gani. Kai kuwa baki har kunne, kullum hirar inji. Wata rana ka zaro wani ƙarfe daga jakar aikinka, bai fi taƙi ɗaya ba, ka ce shi ne makullin inji. A cusa shi a gaban direba, a tura gaba jirgi ya yi gaba, a ja baya ya yi baya, in kuwa aka zare shi sai dai inji ya yi ta gurnani a wuri ɗaya, ko wa ke ciki. Malam, wa ya aike ka ka faɗa wa mace mai cikin wata tara wannan magana?

Sai aka rubuta ka za ka ja jirgin fasinja zuwa Fatakwal, kwana huɗu zuwa da dawowa. Ni ga haihuwar fari, ba a kai ni gida ba tun da Inna ta rasu, kuma tsoro ya cika min ciki. Na ce ka nemi a canza ka, ka ce reluwe ba ta san naƙuda ba. Da safe kana alwala na zare ƙarfen daga jaka, na naɗe shi a ƙyallen atamfa, na sa shi cikin langar da ke can ƙasan jerena, inda na san namiji mai mutunci ba ya sa hannu.

Kafin azahar ka dawo fuska a murtuke. Ka ce makulli ya ɓace, jirgi ya tsaya awa uku da mutane a ciki, an ba wasu direbobi, kai kuma an dakatar da kai sati biyu. Kwana biyu bayan haka na haihu, kana tsakar gida kana kai da kawowa. Abin da nake so ke nan, na kuma samu. Wanda ban nema ba shi ne sauran. Wata shida aka ajiye ka kana jera taragon kaya a cikin tasha kamar sabon ɗauka. Sannan ga Bitrus.

Bitrus mataimakinka, wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya a kan inji. Matarsa Saratu ce ta riƙe ni a naƙuda, ita ta yanke wa Likita cibi. Daga ranar nan ba ka ƙara ambaton sunansa ba. Shinkafar Kirsimeti ta daina shigowa gidanmu, naman layya ya daina shiga nasu, ni da Saratu muka koma gaisuwar bakin famfo. Na tabbata a raina shi ka ɗora wa ɓatan makullin, alhali makullin yana ɗakina a ƙarƙashin kwanuka.

Sau nawa na yi niyyar faɗa maka? Na ce bari a yi suna. Na ce bari in gama wanka. Na ce bari in yaye ta. Aka mai da mu Minna, aka mai da mu Zariya, ka yi ritaya, jiragen ma suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kana zuwa loko, inda ake ajiye injuna, ka tarar ciyawa ta fito a cikinsu, awaki na kwana a inuwarsu, ka dawo ka ƙi cin abinci. Ina zan ƙara maka da nawa? Ranar ƙarshe a asibiti na zo da maganar a bakina, sai ka ce in buɗe taga, na buɗe, na juyo ka yi barci.

Da Likita ta ɗauko ni zuwa ƙasar nan, langar nan kaɗai na ɗauko daga jeren. A filin jirgi wani ma'aikaci ya zaro ƙarfen yana juya shi, Likita ta ce masa kayan girki ne. Don kada 'yarka ta zama maƙaryaciya sai na mai da shi kayan girkin. Da shi nake fasa busasshen kifi, da shi nake raba kajin nan nasu da ke fitowa daga firji kamar dutse. Ya soma yin ja saboda tsatsa, ban damu ba.

Nana kuwa duk Asabar sai ta fice da sassafe ta nufi wani wuri a Maryland, ta dawo da yamma tana warin da na sani, warinka. Na sa ta gaba da tsiya, na ce ta yi saurayi bakanike tana ɓoye min, in dai ya iya gaisuwa ta kawo shi in gani. Ta yi ta dariya ta ƙi faɗa. Ran nan ta shigo kicin ta tarar ina dukan kaza da ƙarfen, ta kurma ihu kamar ta ga ina goge tukunya da fasfo ɗinta. Ta fizge shi, ta wanke, ta rungume. Ashe saurayin nata jirgin ƙasa ne. Wani wuri take zuwa inda ake gyaran tsofaffin injunan dizal, kuma ta san ƙarfen nan da ganin farko. Jininka ne, Malam, ni ba ruwana.

Ta ce lallai sai na je na gani. Na yarda. Sai Likita ta ce ai sai a tafi da Baba Bitrus, tsofaffin reluwe su sha iska tare. Na ce wane Bitrus? Ashe yana raye, yana Largo, wani gari nan kusa, wurin 'yarsa Rifkatu, nas ce, wurin aiki suka gano juna da Likita. Aikin ido ya zo, ƙarshen watan nan zai koma gida. Saratu ta rasu. Yaran ba su san komai ba, su a ganinsu alheri suka haɗa. Na ce a raina, Malam ya tafi ban faɗa masa ba, in wannan ma ya hau jirgi ya koma, shi ke nan, da kayan nan za a binne ni.

Ranar Asabar na yi shiri irin na da. Dambun nama, ruwan zafi a filas, zane biyu, buta. Nana ta ga jakar ta zauna a ƙasa don dariya, ban gane dalili ba sai daga baya.

Ni da Likita da Nana muka tarar da su a can, shi da Rifkatu. Bitrus ya tsufa, ya ƙanƙance, ido ɗaya a liƙe da auduga, kunne kuma sai an ɗaga murya. Yana ganina ya cire hula ya ce min Matar Oga, kamar jiya muka rabu. Ya yi min gaisuwarka bayan shekara shida, na yi masa ta Saratu. Daga nan kowa ya kama kallon takalminsa.

Yanzu ka saurara, ko kai za ka gane abin da ni ban gane ba. Tasha ce 'yar ƙarama, fes, an yi mata fenti. Wasu tsofaffin Turawa ne cikin kayan aiki duk baƙin mai, wani a kwance ƙarƙashin inji, wani yana goge tagar tarago. Nana ta nuna min ɗaya ta ce da can likitan haƙori ne, wancan kuma alƙali. Na ce me suka yi aka hukunta su haka? Ta ce ba hukunci ba ne, so suke. Na ce nawa ake biyansu? Ta ce ba a biya. Sau uku na tambaya, don na ɗauka Hausarta ce ta karkace. Ta ce injunan nan su ne suka yi ta kai iyayensu aiki da dawo da su, har motoci da jiragen sama suka ƙwace fasinja, aka tashi sayar da su a yanka a narke. Sai mutanen nan suka haɗu suka karɓe su. Kayan gyaransu an daina yi, sai su ƙera da hannu, ko su je wata jiha su ciro daga wani inji da ya mutu. Wani tarago ɗaya wai sun shekara da shekaru a kansa. Na ce a garinmu sunan wannan rashin aikin yi.

Muka hau. Wani mai hula ya zo ya huda mana tikiti yana murmushi. Ba mai kaya, ba mai kaza, ba mai kuka a bakin taga, ba mai tallan rake ko dafaffen ƙwai. Jirgi ya ratsa gonakin masara da shanu, a hankali kamar mai ciwon baya, ya yi kamar rabin awa, ya tsaya a tsakiyar daji inda ba tasha ba kasuwa. Na ɗaura ɗankwali na ɗauki jaka. Sai kawai ya kama komawa inda muka fito. Na ce Nana, an yi mantuwa ne? Ta ce a'a, tafiyar ke nan. Na ce to ina muka je? Ta ce ba ko'ina. Malam, mutane da hankalinsu, da 'ya'yansu, sun yanki tikitin zuwa ba ko'ina, har suna tafi.

Amma zan faɗa maka gaskiya. Lokacin da aka tada injin, ƙasa ta ɗauki rawar nan, hayaƙin dizal ya shigo ta taga, ya yi ƙahon nan mai tsawo, sai na rasa a wace ƙasa nake. Na juya zan ce wa Saratu ta sauke min tukunya ga jirgin su Malam ya shigo. Bitrus na gani a kujerar gefe, leɓensa na motsi, yana ƙirga ƙarar ƙafafun jirgi da yatsa a kan gwiwa.

Da muka dawo Nana ta kai mu kan injin kansa. Da tsani aka hau da ni, mutum biyu na turi, kada ka yi dariya. Babban Turawan nan wani dogo ne mai farin gemu, na sa masa Dogo. Nana ta ba shi ƙarfen. Ya sa tabarau, ya juya shi, ya shafa, ya ce wannan ba na kamfani ba ne, na kamfani tagulla ne. Wannan maƙeri ne ya buga shi da guduma ya gyara da zarto, kuma gwani ne. Nana ta cusa shi a gaban kujerar direba, ya shige ƙwas, kamar don wurin aka yi shi. Wai injunan da aka kai mana da waɗannan dangi ne.

Nan na ce ko yanzu ko ba har abada. Na matsa kusa da Bitrus na faɗa masa a hankali cewa ni na ɓoye makullin. Ya ce me? Na ƙara. Ya juyo da ɗaya kunnen. Malam, sirrin da na riƙe shekara arba'in da biyar, sai da na faɗe shi da ihu sau uku, a gaban 'yata, da jikata, da Rifkatu, da Turawa huɗu.

Ya karɓi ƙarfen, ya zauna a kujerar mataimaki, ya kama wani abu da ban san ko kuka ne ko dariya ba. Sannan ya ce Matar Oga, ba ke ba ce, shi ne. Wai da safen nan ka ba shi makullin kamfani, na tagulla, ya riƙe maka ka je sa hannu a ofis. Ya sunkuya a bakin ramin da ake duba ƙarƙashin inji, makullin ya zame daga aljihun gabansa ya nutse cikin baƙin mai da laka. Wai ka ce masa kada ya damu, kana da wani da maƙerin kasuwa ya yi maka a ɓoye, don doka ta hana. Ka zazzage jaka a ƙasa, ga kwanon abinci, ga carbi, ga tocila, babu ƙarfe. Wai ka zauna, ka dafe kai, ka ce ashe cikin wata tara ya fi injin dizal ƙarfi. Da aka kira ku gaban babban loko, tsoro ya kama shi, ga 'ya'ya biyar, sai ya rantse ba ka ba shi komai ba. Ka dube shi, ka ɗauki hukuncin kai kaɗai. Abin da ya raba ku ke nan.

Sai ga mu tsofaffi biyu a kan inji, ina cewa ya yafe min, yana cewa in yafe masa. Na ce da ban ɓoye ba da ba a sani ba. Ya ce da bai yar ba da ba a nemi nawa ba. Har muka soma faɗa a kan wa ya fi laifi, na ce kada ya ƙwace min zunubina da na sha wahalar riƙonsa. Likita ta kama baki. Dogo ya tambayi Nana lafiya, ta ce masa maganar gida ce.

Ban gama da wannan ba Dogo ya ƙaro min wani. Ya kankare tsatsar da farce, ya ce ta kwanan nan ce, ba ta wuce 'yan shekaru ba. Baƙin ƙarfe irin wannan, in an bar shi shekara arba'in a ƙasa mai damina, da ya cinye. Wani ya yi ta shafa masa mai a kai a kai. Ya miƙo min hannu yana yaba min, wai ni ma irinsu ce. Na karɓi yabon, me zan ce?

A mota, muna cikin cunkoson babbar hanya, sai ƙyallen ya faɗo min a rai. A atamfa na naɗe shi. Wata shekara ina wanke jere kafin Sallah na tarar da shi a cikin shuɗin kaki irin na kayan aikinka, na ce mantuwa ce tawa. A Zariya na tarar da shi a yankin tsohuwar singileti. Kullum yana danshin mai, na ɗauka haka ƙarfen reluwe yake, yana gumin mai da kansa. Har na taɓa zargin aljanu, na soya waina na yi sadaka. Malam, ashe kai ne aljanin? Kuma ka ci wainar, har ka nemi ƙari.

Yaushe kake yi? In na tafi biki? In na tafi awo? Kai da ko ludayi ba ka san inda yake ba, ka sauke kwanuka goma sha biyu, ka mai da su yadda suke? Me ya hana ka magana? Jira kake in faɗa, ni kuma ina jiran ranar da ta dace? Haushi kake ji in ka buɗe langar, ko dariya kake yi kai kaɗai? Ranar da Likita ta gama makaranta ka ce wa baƙi wannan tun tana ciki ta tsayar da jirgin Fatakwal, ka kalle ni ta gefen ido, na shige ɗaki na ce hayaƙi ne ya shiga min ido. Ashe tsokanata kake yi. Ni da unguwa ta sani da tsiya, ashe a gidana aka fi ni.

Abin da ya fi ɗaure min kai, me ya sa ni ka ƙyale ni, shi ka ƙi? Don ni shiru na yi, shi ya rantse? Ko taurin kan nan naka ne kawai? Ban sani ba, kuma wanda ya sani ya yi barci ya bar ni da taga a buɗe.

Ga sabon laifi, gara in faɗa tun da zafinsa, kada ya ƙara shekara arba'in. Da za mu rabu Bitrus ya riƙe ƙofar mota, ya tambaye ni ko Oga ya taɓa cewa ya yafe masa. Na ce ƙwarai kuwa, ka yafe. Ba ka ambaci sunansa ba, na sani. Amma a asibiti ka ce ka yafe wa kowa, ni kuma na duba na ga Bitrus yana cikin kowa. Ya sa hula a fuska ya daɗe bai cire ba. In na yi maka ƙari a magana, ka cika min, kada ka ba ni kunya. Kai ma ai ka shiga langata ba izini.

Dogo ya roƙa a ba su ƙarfen su sa a akwatin gilashi da 'yar takarda a gefe. Na ce a'a. A cikin gilashi wa zai shafa masa mai? Jiya Rifkatu ta kawo Bitrus, ya zauna a kicin da ido ɗaya ya goge tsatsar tas, muka ci tuwo, ya tafi da sauran miya. Nana ta kawo min mai a ɗan gwangwani. Na naɗe shi a tsohuwar hularka, na mai da shi langa. Kafin kowace Sallah zan fito da shi, in na gaza Nana ta karɓa. Kaza kuma ta narke da kanta.

Maganar rashin aikin yi da na yi wa tsofaffin nan, na janye. Asabar mai zuwa ma zan bi Nana. Har yanzu ban gane inda jirgin yake zuwa ba, amma wannan karon ba zan ɗauki buta ba.

Sai mun haɗu, Malam. Wannan ka ci ni, na yarda. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya gafarta mana mu biyun da muka rage. Ka tanadi amsa, don tambayata ta farko ita ce wa ya nuna maka langar.

Taka har kullum,
Asabe, wadda ta tsayar da jirgin Fatakwal